Yadda ma'aikacin jirgin ruwa da ya rasa aiki zai nemi rancen karatu don sauya layi

Aikin jirgin ruwa yakan yanke ba sallama. Kamfani ya karye, ko a sayar da jirgi ga masu yanka ƙarfe, ko kwantiragin kamfanin mai ya ƙare, ko likita ya ce ido ya daina gani yadda doka ke so. Tun da aka rushe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, a 1995, guraben aiki a manyan jiragen da ke fita ƙasashen waje suka yi wa 'yan Nijeriya ƙaranci, yawancin ma'aikata suka koma jiragen da ke yi wa rijiyoyin mai hidima da masu zirga-zirga a gaɓar teku. Idan kasuwar nan ta yi sanyi, mutum yakan dawo gida da jaka da takardu, sai tunanin ƙaro karatu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da neman kuɗi. A ci bashi, a yi kwas, a karɓi satifiket, sannan a gano cewa ba a cika kwanakin teku da za a ba da shaidar ƙwarewa ba, ko hukuma ba ta san makarantar ba. A wannan jagora rance ne mataki na shida, kuma da gangan aka ajiye shi can.

Abubuwan da za ka tanada

Ka sami fayil mai ledar da ruwa ba ya shiga, ka haɗa waɗannan a ciki:

- Littafin aikin teku, wanda ma'aikata ke kira discaj, da katin shaidar ma'aikacin jirgi idan kana da shi.
- Fasfo, da sauran wata 6 aƙalla kafin ya mutu.
- Duk satifiket ɗin STCW (ƙa'idar duniya ta horar da ma'aikatan jirgin ruwa) da ka taɓa yi, har waɗanda wa'adinsu ya wuce.
- Takardar lafiya ta aikin teku.
- Yarjejeniyar aiki ta kowane jirgi, takardun albashi, da wasiƙun shaida daga kyaftin ko babban injiniya.
- Sakamakon sakandare, da difloma ko digiri idan akwai.
- Lambar NIN, lambar BVN, lambar JAMB, da asusun banki mai sunanka.
- Bayanin shige da ficen kuɗin asusunka na wata 6 zuwa 12.
- Adireshin imel da lambar waya waɗanda kai kaɗai ke riƙe da su.

Ka ɗauki hoton kowace takarda da kyau, gefe huɗu su fito, ka tura wa kanka a imel. Asalin takarda ba ya kwana a hannun kowa.

Kafin ka wuce nan, ka jera takardun a kan tabarma ka karanta sunanka a kowace, harafi da harafi. Muhammad a fasfo, Mohammed a NIN, Muhammed a banki: a idon kwamfuta mutum uku ne. Haka wanda ya sa sunan gari a wata takarda, sunan mahaifi a wata. Ranar haihuwa ma haka. Gyaran nan yana cin makonni, kuma shi ne ya fi maƙale buƙatar rance, don haka ka fara shi yau, ya riƙa tafiya kana yin sauran aikin. Ka bi sunan da ke kan fasfo da satifiket ɗin teku, ka gyara na banki da na NIN su dace da su, domin sauya suna a satifiket ɗin teku ya fi wahala.

Mataki na 1: Karɓo haƙƙinka kafin ka nemi na wani

Da yawa suna cin bashi alhali su ma suna bin kamfani. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta duniya, MLC 2006, wadda ta fara aiki a watan Agusta 2013 kuma Nijeriya ta amince da ita, ta tanadi abubuwan da ya kamata ka sani.

Idan mai jirgi ya ƙi biyan kuɗin mayar da kai gida, ko ya bar ku ba abinci ba kulawa, ko ya yi wata 2 bai biya albashi ba, a doka an yi watsi da ku ke nan. Tun Janairu 2017 dole jiragen da yarjejeniyar ta shafa su riƙe inshorar irin wannan hali, kuma tana biyan albashin da aka riƙe har na wata 4, da kuɗin komawa gida. Takardar inshorar tana manne a wurin da kowa ke gani a cikin jirgi, galibi kusa da ɗakin cin abinci, da sunan kamfanin inshorar da lambar da za a kira. Wanda ke cikin jirgi yanzu ya ɗauki hotonta tun ana zaman lafiya. Idan kuma jirgi ne ya nutse ko ya salwanta, mai jirgi zai biya diyyar zaman banza, wadda za a iya taƙaita ta ga albashin wata 2.

Ka rubuta lissafin abin da kake bi wata-wata, ka haɗa da yarjejeniyar aiki, ka kai wa ƙungiyarka: MWUN, ƙungiyar ma'aikatan tashoshi da jiragen ruwa ta Nijeriya, ga ƙananan ma'aikata, ƙungiyar jami'an jiragen kasuwanci ga masu muƙami. Ka shigar da ƙorafi a NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Nijeriya. Idan jirgin tutar wata ƙasa yake ɗauke da ita, ka nemi sufeton ITF, ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya. Akwai kuma layin SeafarerHelp na ƙungiyar ISWAN, kyauta ne, dare da rana. Kada ka yi jinkiri: albashin ma'aikaci yana bin jikin jirgin ne ko da an sayar da shi, amma a ƙasashe da yawa wannan haƙƙi yana faɗuwa bayan shekara ɗaya.

Sai fansho. Idan kamfanin yana zuba maka kuɗi a asusun fansho, dokar 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba, ya rasa aiki ya yi wata 4 bai samu wani ba, damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun. Za a nemi wasiƙar sallama daga aiki. Sau ɗaya ake ba da wannan dama, kuma kuɗin tsufanka ne, don haka kada ka taɓa shi sai a kan kwas ɗin da ka tabbatar.

Mataki na 2: Je wurin likita, sannan ka ƙirga kwanakin teku

Gwajin lafiya yana gaba da biyan kuɗin makaranta. Ka je wurin likitan da NIMASA ta amince da shi, domin takardar kowane asibiti ba ta aiki. Takardar lafiyar teku tana yin shekara 2, gwajin bambance launi kuwa shekara 6. Wanda ba ya raba ja da kore ba zai tsaya gadi a ɗakin tuƙi ba ko ya ci kowace jarrabawa, saboda fitilun jirage da dare ja da kore ne. Ji, hawan jini da ciwon sukari duk ana dubawa. Gara ka san matsayinka da kuɗin gwaji kaɗai.

Daga nan ka buɗe littafin aikin teku ka yi jadawali: sunan jirgi, lambarsa ta IMO (lambar shaidar jirgi ta duniya) mai lamba 7, girmansa, ƙarfin injinsa da kilowat, ranar hawa, ranar sauka, muƙamin da ka riƙe, da irin tafiyar, ta gaɓa ce ko ta nesa. Girman jirgi yana da tasiri: iyakokin da ake dubawa su ne tan 500 da 3000 a ɓangaren tuƙi, kilowat 750 da 3000 a ɓangaren injin. Shekara 3 a ƙaramin kwale-kwalen kai ma'aikata ba za ta ba ka abin da shekara 3 a babban jirgi za ta ba ka ba. Kwanakin hutu a gida ba sa shiga lissafi.

Idan akwai shafin da babu hatimi ko sa hannun kyaftin, kuma kamfanin ya rufe, ka haɗa abin da zai tsaya a madadinsa: yarjejeniyar aiki, takardun albashi, bayanin banki da ke nuna shigar albashin, hatiman shige da fice a fasfo. Ka nemi kyaftin ko babban injiniyan da kuka yi aiki tare ya rubuta maka shaida, ya sa lambar satifiket ɗinsa. Ka kai wa hukuma ta ce ta karɓa ko ba ta karɓa ba. Masu sayar da kwanakin teku na bogi suna nan a bakin kowace tasha. Wanda aka kama da irin wannan ba takardar kaɗai yake rasawa ba, har da sana'ar.

Mataki na 3: Zaɓi layin da kwanakinka suka kai

A nan ake yin asara ko riba, don haka a natsu.

Idan satifiket ne kawai suka mutu, ba ka bukatar dogon karatu. Horon tsira a ruwa da na kashe gobara ana sabunta su duk shekara 5, haka horon kwale-kwalen ceto da babban horon gobara. Shaidar ƙwarewa ta jami'i ita ma shekara 5 ce, kuma ana sabunta ta da wata 12 na aikin teku cikin shekara 5 da suka wuce, ko wata 3 cikin wata 6 na ƙarshe. Wanda ya daɗe a gida har wannan ya kuɓuce masa sai ya bi ta kwas ko jarrabawar da hukuma ta tsara. Wannan shi ne hanya mafi araha, kuma mai zaman gida ya lura da kalanda kada wa'adin ya wuce shi yana jira.

Idan ƙaramin ma'aikaci ne kai kana son zama jami'i mai gadi a ɗakin tuƙi, doka tana neman wata 36 na aikin teku, ko wata 12 idan a cikin tsarin horo ne da hukuma ta amince da shi, mai littafin horo da ake cikewa a jirgi. A ciki dole a sami wata 6 na tsayuwa gadi a ƙarƙashin jami'i. Za ka ƙara da satifiket ɗin sadarwa na GMDSS. A ɓangaren injin, wata 36 ne da aƙalla 30 a ɗakin injin jirgi, ko wata 12 na bita da teku a tsarin horo.

Mai hannu a lantarki ya duba layin jami'in lantarkin jirgi, wanda gyaran Manila na 2010 ya shigo da shi cikin STCW. A tsarin horo wata 12 ne, aƙalla 6 a teku. Jiragen yanzu cike suke da na'urori, kuma masu wannan takarda ba su kai masu neman ɗakin tuƙi yawa ba.

Tankar mai, sinadari ko gas: horon farko gajere ne, amma babban horon yana neman wata 3 a cikin irin wannan tanka. Kada ka biya kuɗin babban kwas ba ka taɓa taka tanka ba.

Kwas ɗin DP, wato na'urar da ke tsayar da jirgi wuri ɗaya ba tare da anka ba, shi ne ya fi jan hankalin masu aikin rijiyoyin mai, shi ne kuma ya fi cinye kuɗin mutane. A tsarin cibiyar Nautical Institute ta Landan, za ka yi kwas na farko, ka yi kwana 60 a jirgi mai DP, ka dawo ka yi kwas na na'urar kwaikwayo, ka koma ka yi wasu kwana 60, sannan kyaftin ya sa hannu cewa ka cancanta. Layin jami'an tuƙi ne. Wanda ya ci bashi ya yi kwas na farko ba shi da jirgin da zai hau, ya sayi takardar da za ta tsufa a fayil. Horon BOSIET na masu hawa jirgi mai saukar ungulu zuwa dandamalin mai shi ma haka: shekara 4 yake yi, kuma wa'adinsa yana ci ko kana aiki ko kana kwance.

Akwai layin da ake rainawa, ga shi da wuya ya rasa aiki: kuku. Duk jirgin da ke da ma'aikata 10 ko fiye dole ya ɗauki kuku mai satifiket.

Wanda likita ya hana teku, ko iyali suka ce ya isa, yana da aikin tudu: fiton kaya, wanda hukumar CRFFN ke yi wa rajista, wakilcin jirage, lissafin kaya a tasha, kula da lafiyar ma'aikata, koyarwa, ko jiragen cikin gida a ƙarƙashin NIWA, hukumar hanyoyin ruwa na cikin gida mai hedikwata a Lokoja. Ga wanda gidansa ke arewa, cibiyar NITT ta Zariya tana koyar da sufuri da sarrafa kaya, kuma akwai tashoshin tsandauri a Kaduna, Dala ta Kano da Funtuwa. Mutumin da ya san takardar lodin kaya da yadda ake ɗaure kwantena ya yi wa ɗan aji nisa.

Kafin ka tsayar da zaɓi, ka nemi tallan aiki 5 na gaske a layin, ka karanta abin da suke nema, ka kuma tambayi mutum 2 da suke aikin yanzu yadda suka shiga. Idan ba ka samu ko ɗaya ba, ka sake tunani.

Mataki na 4: Tantance makaranta

Ka duba jerin cibiyoyin da NIMASA ta amince da su, kuma ka duba kwas ɗin kansa, domin ana iya amince wa makaranta horon gobara ba a amince mata horon tanka ba. Difloma tana ƙarƙashin hukumar ilimin fasaha, NBTE, digiri yana ƙarƙashin hukumar jami'o'i, NUC. Na gwamnatin tarayya da aka sani sun haɗa da Kwalejin Horon Aikin Teku ta Oron a Akwa Ibom, Jami'ar Harkokin Teku ta Okerenkoko a Delta, da Kwalejin Kamun Kifi da Fasahar Teku ta Legas. Tsarin kadet, wato na ɗalibai masu koyon aikin jami'in jirgi, yana da iyakar shekaru, ka tambaya kafin ka sayi fom.

Wasu suna zuwa Jami'ar Harkokin Teku ta Yanki a Akara, wadda ƙasashe irin su Ghana, Kamaru, Gambiya, Laberiya da Saliyo suka mallaka tare. Kafin ka tafi can ko ko'ina, ka tambayi wane irin satifiket za a ba ka: na tafiyar gaɓa ko marar iyaka, kuma ƙasashen da jiragen da kake nema ke ɗauke da tutarsu suna karɓarsa?

Ka je da ƙafarka. Makarantar da ke koyar da tsira a ruwa ba ta da wurin ninƙaya, ko take koyar da gobara a kan allo kawai, ko ta ce ka biya ka zo ka karɓi takarda ba sai ka zauna aji ba, ka bar ta. Kuɗin makarantar gwamnati ta tsarin biya na hukuma, irin su Remita, ake biya. Asusun wani mutum ba asusun makaranta ba ne.

Mataki na 5: Lissafa ainihin kuɗin

Kuɗin kwas rabin labari ne. Ka rubuta: fom, kuɗin makaranta, gwajin lafiya, kuɗin jarrabawa da na fitar da satifiket a hukuma, mota zuwa da dawowa, masauki, abinci, kayan aiki irin su takalmin ƙarfe da rigar aiki, da kuɗin sake jarrabawa sau ɗaya, domin faɗuwa a jarrabawar baka ba abin mamaki ba ne. Ka ƙara cefanen gida na duk watannin karatu, da na aƙalla wata 3 na jiran jirgi bayan an gama. A kan jimillar ka ɗora kashi 15 saboda tashin farashi.

Yanzu ka cire abin da ka karɓo a mataki na 1 da abin da ke hannu. Ragowar ita kaɗai za ka nema.

Mataki na 6: Neman rancen

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowane bashi ya dace da kowane karatu ba. Ka bi su daga mai sauƙi zuwa mai tsada.

Na farko, wanda ba a biya. Shirin NSDP da NIMASA ta fara a 2008 yana ɗaukar nauyin horon matasa, kuma ya fi dacewa da masu ƙananan shekaru. Hukumomin tallafin karatu na jihohi suna buɗe fom lokaci-lokaci. Kamfanin da zai ɗauke ka yana iya biyan kwas a kan sharaɗin ka yi masa aiki na wasu shekaru. Wannan yana da kyau domin ya zo da jirgi, amma ka karanta nawa za ka biya idan ka tafi, ko adadin yana raguwa da shekaru, da abin da zai faru idan su ne suka sallame ka.

Na biyu, NELFUND, asusun rancen karatu na gwamnatin tarayya. An sa hannu a dokarsa a 2023, aka sake ta a Afrilu 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu na shekarar. Babu kuɗin ruwa, kuma dokar 2024 ta cire sharaɗin kawo masu tsaya maka. Ana tura kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ɗalibi kuma yana iya neman naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Amma na manyan makarantun gwamnati ne a cikin Nijeriya. Ya dace da mai komawa difloma ko digiri. Kwas ɗin mako 2 a cibiyar 'yan kasuwa, ko karatu a Ghana, ba layinsa ba ne. Ga yadda ake nema:

1. Ka fara samun gurbin karatu da lambar ɗalibi. Mai difloma da ke son digiri ya bi ta fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB. Wanda ya yi karatu a da ba ta JAMB ba, ya je ofishinsu ya tambayi matsayinsa.
2. Ka tambayi ofishin harkokin ɗalibai ko makarantar tana cikin shirin, kuma ko sun ɗora sunanka. Idan ba su ɗora ba, shafin zai ce bai san ka ba, kuma gyaran daga makaranta yake.
3. Ka buɗe asusu a shafin NELFUND da kanka, da imel ɗinka. Nema kyauta ne. Idan a shagon intanet ka yi, kada mai shago ya sa imel ɗinsa ko lambarsa.
4. Ka shigar da lambar JAMB, NIN, BVN da lambar asusun banki. A nan bambancin suna yake fitowa.
5. Ka ɗora wasiƙar gurbin karatu, ka zaɓi kuɗin makaranta kaɗai ko har da na ɗawainiya.
6. Ka karanta sharuɗɗa, ka tura, ka ajiye hoton shafin. Ana sake nema kowace shekarar karatu.

Idan ka riga ka biya kuɗin makaranta daga aljihu kafin nasu ya iso, ka riƙe rasit, ka nemi makarantar ta mayar maka a rubuce. Biya yana farawa shekara 2 bayan hidimar ƙasa, kuma abin da ake cirewa bai wuce kashi 10 na abin da kake samu ba. Wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi maimakon hidima, don haka ya duba a yarjejeniyarsa daga wace rana ake ƙirga masa. Ba da bayanin ƙarya laifi ne mai kai mutum gidan yari.

Na uku, na kusa: ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata, adashi, ko ɗan'uwa. Ga gajeren kwas wannan ya fi komai. Ko da yayanka ne, ku rubuta adadi da ranar biya, da shaidu 2. Takarda ba rashin yarda ba ce, ita ce ke raba ku da rigima idan ɗaya ya manta ko ya rasu.

Na huɗu, banki. Wanda ke guje wa riba ya tambayi bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz, TAJ da Lotus, ko suna da tsarin biyan kuɗin makaranta. A irin wannan tsari banki ne ke biyan makarantar, kai kuma ka biya shi adadin da aka yanke tun farko. Kowane banki zai so ganin albashi ko mai tsaya maka, abin da marar aiki ba shi da shi. Idan matarka ko ɗan'uwa mai albashi ne zai tsaya, ka faɗa masa gaskiya cewa idan ka kasa, kansa za a koma.

Mutumin teku ya san ruwa, amma ruwan banki wani abu ne dabam. Ka ɗauki misalin naira 600,000, kashi 5 a wata, na wata 12. Idan a kan uwar kuɗin ake lissafawa har ƙarshe, ruwan 30,000 ne kowane wata: za ka riƙa biyan 80,000, jimilla 960,000. Idan a kan abin da ya rage ake lissafawa, biyan wata kusan 67,700 ne, jimilla kusan 812,000. Dukansu za a ce maka kashi 5 ne, ga bambancin kusan 148,000. Tambaya ɗaya ke warware wannan: nawa zan biya gaba ɗaya, da kuɗin fom da inshora da komai? A rubuta maka. Ka tambayi tarar jinkiri, da ko akwai tara idan ka biya da wuri. Ka kuma sani cewa tun 2020 akwai tsarin GSI na Babban Banki, wanda ke ba mai bin bashi damar cire kuɗi daga duk asusun da ke ɗaure da BVN ɗinka idan ka sa hannu ka kasa biya.

Manhajojin rance na waya ba na karatu ba ne. Wa'adinsu makonni ne, karatunka watanni. Kada kuma ka ci bashin dala idan naira za ka samu: a tsakiyar 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta kai wajen 1,500. Fasfo, littafin aikin teku da satifiket ba a jinginar da su, domin da su za ka nemo abin biya.

Mataki na 7: Tsara biya da irin albashin teku

Albashin teku yana zuwa ne lokacin da kake jirgi, bashi kuwa ba ya zuwa hutu. Don haka ka yi lissafi da shekara. Mai samun 400,000 a wata, yana aiki wata 8, ainihin samunsa na wata kusan 266,000 ne. Kada biyan bashi ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wannan, wato kusan 66,000. Idan abin da banki ke nema ya fi haka, ka rage rancen ko ka raba kwas ɗin gida biyu.

Ka nemi a rubuta maka sassaucin wata 3 zuwa 6 kafin fara biya. Idan ka hau jirgi, MLC ta ba ka damar a riƙa tura wani kaso na albashi gida kai tsaye; ka sa a tura shi asusun da ake cire bashin, saboda a tsakiyar teku ba kullum ake samun intanet ba. A watannin aiki ka biya fiye da ƙa'ida, ka tara na watannin zaman gida. Idan ka hango ba za ka iya biyan wani wata ba, ka rubuta wa mai bin ka tun kafin ranar. Sunan da ya shiga rajistar masu taurin bashi yana daɗewa bai fita ba.

Mataki na 8: Bayan kwas

Ka fara neman jirgi tun kana aji. Ranar da ka karɓi satifiket ka duba suna, ranar haihuwa, lambar dokar STCW da aka rubuta, da ranar ƙarewa, kafin ka bar ofishin. Ka shigar da takardun jarrabawar hukuma da wuri, kada takardar lafiya ta mutu kana kan layi.

Za ka haɗu da ejan da zai ce ka kawo kuɗi ya sama maka jirgi. MLC ta hana a karɓi kuɗin samar da aiki daga ma'aikaci. Abin da ke kanka shi ne kuɗin takardar lafiya, littafin aikin teku da fasfo. Biza ma mai jirgi ne ke biya. Ka nemi ganin lasisin ejan daga NIMASA, ka sa lambar IMO ta jirgin a intanet ka ga ko yana nan da inda yake, ka karanta yarjejeniyar aiki ka riƙe kwafinka mai sa hannu kafin ka hau mota zuwa tasha.